Yarjejeniyar Nisga'a da Muhawarar Cin Gashin Kai a Majalisun Kanada

Yarjejeniyar Nisga'a yarjejeniya ce kan ƙasa da mulki wadda ɓangarori uku suka ƙulla: al'ummar Nisga'a, 'yan asalin kwarin Kogin Nass a arewa maso yammacin Kanada, da gwamnatin lardin Biritish Kolumbiya, da gwamnatin tarayya da ke Otawa. Ta fara aiki ranar 11 ga Mayu, 2000. Kafin ita, rabon da a ƙulla yarjejeniya da 'yan asalin ƙasa a wannan lardi tun 1899. Ta tabbatar wa Nisga'a mallakar fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,000, ta fitar da su daga ƙarƙashin Dokar Indiyawa (dokar tarayya da ke kula da harkokin 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa), ta kuma amince da gwamnatinsu mai ikon kafa dokoki. Batun gwamnatin shi ya jawo mata rigima. An saka ikon cin gashin kai a cikin jikin yarjejeniyar, inda kundin tsarin mulki yake ba shi kariya, ta yadda babu majalisar da za ta wayi gari ta soke shi ita kaɗai. A kan haka majalisar lardin ta yi muhawara mafi tsawo a tarihinta zuwa lokacin, sannan a watan Disamba na 1999 'yan majalisar wakilai a Otawa suka shafe sama da awa 42 suna kaɗa ƙuri'a ba tsayawa.

Mutanen kwarin Nass

Nisga'a suna kiran koginsu Lisims. Garuruwansu huɗu ne: Gitlaxt'aamiks, Gitwinksihlkw, Laxgalts'ap da Gingolx. Lokacin muhawarar yawansu bai wuce 6,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu suna zaune a wajen kwarin, a garuruwan Terrace da Prince Rupert da birnin Bankuba. Ta wajen uwa suke bin dangi. Ƙasar a rabe take tsakanin gidaje, kowane gida da shugabansa, da wuraren kamun kifinsa, da dajin farautarsa, bisa dokar gargajiya da suke kira Ayuuk. Wannan tsari shi ne tushen hujjarsu tun farko: ƙasar tana da masu ita da iyakokinta tun kafin zuwan Turawa, kuma ba a ci su da yaƙi ba, ba su sayar ba, ba su sa hannu a kan komai ba.

Lardin da ya ƙi ƙulla yarjejeniya

A 1763 Sarki George na Uku na Ingila ya fitar da shelar da ta ce ba mai karɓar filin 'yan asalin ƙasa sai masarauta, ita ma sai a bainar jama'a kuma da yardarsu. A kan wannan ƙa'ida aka ƙulla yarjejeniyoyi 11 masu lamba tsakanin 1871 da 1921, waɗanda suka shafi filayen tsakiyar Kanada da wani yanki na arewa. Biritish Kolumbiya ta bi tata hanyar. In ban da ƙananan yarjejeniyoyi 14 da Gwamna James Douglas ya ƙulla a Tsibirin Bankuba tsakanin 1850 da 1854, da Yarjejeniya ta 8 ta 1899 wadda ta taɓa kusurwar arewa maso gabas, sauran lardin mamaye shi kawai aka yi. Jami'an lardin sun kafe a kan cewa 'yan asalin ƙasa ba su taɓa mallakar ƙasar ba, don haka babu abin da za a saya a hannunsu. Aka yanka musu 'yan ƙananan keɓaɓɓun filaye, aka sa su ƙarƙashin Dokar Indiyawa ta 1876, wadda ta ba jami'in gwamnati iko a kan kusan duk harkokinsu.

A 1887 shugabannin Nisga'a da na maƙwabtansu Tsimshian suka yi tattaki zuwa Biktoriya, babban birnin lardin, suna neman yarjejeniya. Ba a bar su sun shiga majalisa ba, Firimiya William Smithe, shugaban gwamnatin lardin, kuma ya yi watsi da buƙatarsu. Nisga'a suka kafa kwamitin ƙasa a 1890, suka aika koke Landan a 1913.

A 1927 majalisar tarayya ta kafa kwamitin haɗin gwiwa na wakilai da dattawa don ya saurari ƙawancen ƙabilun lardin. Kwamitin ya ce ba su kafa hujja ba, ya ba da shawarar a riƙa ware dala 100,000 duk shekara a madadin yarjejeniya. A shekarar kuma aka yi wa Dokar Indiyawa gyara, aka haramta tara kuɗi don shigar da ƙarar neman ƙasa sai da izinin gwamnati. Haramcin bai tashi ba sai 1951. Duk wanda zai auna ƙorafin da aka yi a 1999, cewa an tauye wa majalisa damar sa baki a maganar, ya kamata ya tuna cewa majalisar ta taɓa samun cikakkiyar dama, kuma abin da ta yi da ita ke nan.

Shari'ar Calder

Frank Calder, ɗan Nisga'a, ya ci zaɓen majalisar lardin a 1949, shekarar da 'yan asalin ƙasa suka sami 'yancin kaɗa ƙuri'a a zaɓen lardin. A 1955 aka kafa Majalisar Ƙabilar Nisga'a yana shugabanta, a 1967 kuma suka kai lardin kotu, da Thomas Berger a matsayin lauyansu. Sun faɗi a kotun farko, sun faɗi a kotun ɗaukaka ƙara.

Ranar 31 ga Janairu, 1973, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci. Alƙalai shida daga cikin bakwai sun yarda cewa dokar Kanada ta san haƙƙin mallakar ƙasa na 'yan asali, wanda ya samo tushe daga zamansu a kanta tun kaka da kakanni. Sai dai sun rabu uku da uku kan ko haƙƙin Nisga'a yana nan ko dokokin mulkin mallaka sun kashe shi. Alƙali na bakwai, Louis-Philippe Pigeon, bai taɓa wannan tambaya ba. Ya ce ba su nemi izinin da doka ta tanada kafin a kai masarauta, wato gwamnatin lardin, ƙara ba. Da haka ƙarar ta faɗi.

Faɗuwar ta fi musu nasarori da yawa amfani. Shekara huɗu kafin nan, gwamnatin Pierre Trudeau ta fitar da takardar manufofi ta 1969 wadda ta nemi a soke matsayi na musamman na 'yan asalin ƙasa, a daina kallon da'awar mallakar ƙasa a matsayin abin da za a iya warwarewa. Ministan da ya gabatar da ita shi ne Jean Chrétien. A watan Agusta na 1973 shi ɗin dai ne ya sanar cewa gwamnati za ta fara tattauna irin waɗannan da'awoyi. Tattaunawa da Nisga'a ta fara a 1976. Lardin, wanda filin ke hannunsa, ya ƙi zuwa teburin har 1990.

Tambayar da kundin tsarin mulki ya bari a buɗe

Mai karatu a Najeriya ya saba da matakan gwamnati uku: tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. Kundin Kanada na 1867 biyu kawai ya sani. Sashe na 91 ya lissafa ikon tarayya, sashe na 92 ya lissafa na larduna, hukumomin birane kuwa lardi ne ke kafa su da doka, yana kuma iya rushe su da doka. A 1982 aka ƙara sashe na 35, wanda ya amince ya kuma tabbatar da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasa da haƙƙoƙin da yarjejeniyoyi suka ba su. Gyaran da aka amince da shi a 1983 ya fayyace cewa kariyar ta haɗa da yarjejeniyoyin ƙasa da za a ƙulla nan gaba. Abin da sashen bai faɗa ba shi ne ko mulkin kai yana cikin waɗannan haƙƙoƙi.

Majalisu sun yi ta kewaya tambayar. A 1983 wani kwamiti na musamman na majalisar wakilai ƙarƙashin Keith Penner ya ba da shawarar a amince da gwamnatocin 'yan asali a matsayin mataki na dabam a tsarin mulki. A 1986 majalisa ta ba al'ummar Sechelt cin gashin kai, amma da doka ta yau da kullum, iko ne na aro irin na hukumar birni. A watan Yuni na 1990 Elijah Harper, ɗan ƙabilar Cree a majalisar Manitoba, ya ƙi ba da amincewar da ake buƙata daga kowane ɗan majalisa don a gaggauta yarjejeniyar gyaran kundin tsarin mulki ta Meech Lake, saboda ta manta da 'yan asalin ƙasa, kuma hakan na cikin abin da ya kashe ta. Wata yarjejeniyar gyaran kundin, ta Charlottetown ta 1992, ta amince ƙarara da 'yancin mulkin kai, amma ta faɗi a ƙuri'ar raba-gardama ta 26 ga Oktoba, kuma babu lardin da ya ƙi ta kamar Biritish Kolumbiya, inda kusan kashi 68 cikin ɗari suka ce a'a. A 1995 gwamnatin Chrétien, wanda ya zama firaminista a 1993, ta ɗauki matsayin cewa 'yancin mulkin kai yana cikin sashe na 35 tun asali, abin da ya rage shi ne a tattauna yadda zai yi aiki. Yarjejeniyar Nisga'a ce babban gwajin farko na wannan matsayi.

Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa

An cimma matsaya ta farko a 1996, aka kammala rubutun ƙarshe mai babi 22 ranar 4 ga Agusta, 1998, a Gitlaxt'aamiks. Filin da aka tabbatar wa Nisga'a, har da ma'adanan da ke ƙarƙashinsa da dazuzzukansa, bai kai kashi goma cikin ɗari na ƙasar da suka yi da'awa ba. Filayen da wasu suka riga suka mallaka da takarda ba a taɓa su ba, babbar hanyar mota ta zauna a hannun lardi. An yi alkawarin biyan dala miliyan 190 kashi-kashi, da kason kifin salmon na Kogin Nass, da kason farauta, da mayar da kayan tarihi daga gidajen adana kayan tarihi na gwamnati. Kason kifin sayarwa an ajiye shi a wata takarda dabam da ba ta da kariyar kundin tsarin mulki.

Nisga'a su ma sun ba da nasu. Sun yarda cewa wannan ita ce cikakkiyar sasantawa ta ƙarshe kan haƙƙoƙinsu, duk wani haƙƙi da suke da shi ya koma yadda aka rubuta shi a yarjejeniyar. Sun kuma yarda su rabu da rangwamen haraji da Dokar Indiyawa ta ba su: harajin saye da sayarwa bayan shekara takwas, harajin kuɗin shiga bayan shekara goma sha biyu.

Babin mulki ya kafa Gwamnatin Nisga'a Lisims da gwamnatocin garuruwa huɗu, da wakilci ga mazauna birane, da kundin tsarin mulki nasu, da zaɓe. Dokokin tarayya da na lardi suna ci gaba da aiki a ƙasar Nisga'a, haka ma kundin 'yancin ɗan adam na Kanada, dokar manyan laifuka kuma ta tarayya ce ba a taɓa ta ba. Abin da aka tsara shi ne wace doka ke rinjaye idan biyu suka yi karo. A harkokin cikin gida, irin su harshe da al'ada, da wane ne ɗan Nisga'a, da tafiyar da gwamnatinsu da filinsu, dokar Nisga'a ce a sama. A wasu fannoni, kamar karatun yara da kula da walwalarsu, tana rinjaye ne muddin ta cika mizanin lardi. A sauran, kamar zirga-zirgar motoci da zaman lafiyar jama'a, dokar tarayya ko ta lardi ce ke rinjaye. Ba a iya gyara yarjejeniyar sai da yardar ɓangarorin uku.

A watan Nuwamba na 1998 Nisga'a suka kaɗa ƙuri'a. Kashi 61 cikin ɗari na duk masu rajista suka amince, kashi 23 suka ƙi. Masu ƙin ba 'yan kaɗan ba ne, kuma babban dalilinsu shi ne filin ya yi kaɗan, wasu gidaje sun ga an bar ƙasar kakanninsu a waje.

Muhawara a Biktoriya

Ranar 2 ga Disamba, 1998, Joseph Gosnell, shugaban masu tattaunawa na Nisga'a, ya yi jawabi ga majalisar lardin, shekara 111 bayan an hana kakanninsa shiga. Gwamnatin Firimiya Glen Clark ta jam'iyyar NDP ce ta kawo ƙudirin. Jam'iyyar Liberal ta lardin ƙarƙashin Gordon Campbell, wadda duk da sunan ba reshe ba ce ta Liberal ta tarayya, ita ce ta ja daga.

Hujjar Campbell ta doka ce. Lardin yana da dokar 1991 da ta ce ba za a amince da gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa ba sai an yi ƙuri'ar raba-gardama. A ganinsa, ƙirƙiro gwamnati mai dokokin da ke rinjayar na tarayya da na lardi gyaran kundi ne ta bayan gida, don haka dole a tambayi jama'a. Clark ya ce yarjejeniyar ba ta gyara ko harafi ɗaya na kundin ba, kuma ba a ɗora haƙƙin tsiraru a kan ƙuri'ar masu rinjaye. An yi muhawara sama da awa ɗari kafin gwamnati ta yanke ta da ƙarfin rinjaye a watan Afrilu na 1999, ana saura babi da dama ba a bi su sashe-sashe ba. Wannan gaggawa ta ba 'yan adawa ƙorafi na gaskiya, wanda suka ɗauka suka tafi da shi Otawa.

Muhawara a Otawa

Ministan harkokin Indiyawa, Robert Nault, ya gabatar da ƙudiri mai lamba C-9 ranar 21 ga Oktoba, 1999. Ƙudirin gajere ne. Aikinsa shi ne ya ba yarjejeniyar ƙarfin doka, ya bayyana ta a matsayin yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 35, ya kuma ce idan ta yi karo da wata doka ita ce a sama. A nan matsalar take ga ɗan majalisa: yana iya neman gyara ƙudirin, amma ba zai iya taɓa yarjejeniyar ba, domin an riga an sa mata hannu kuma ɓangarori biyu sun amince. Ko dai a karɓa duka, ko a ƙi duka.

Jam'iyyu huɗu daga cikin biyar suka goyi baya: Liberal mai mulki, Bloc Québécois, NDP da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta wancan lokaci. Jam'iyyar Reform ƙarƙashin Preston Manning, wadda ita ce babbar jam'iyyar adawa kuma take riƙe da mafi yawan kujerun Biritish Kolumbiya, ita kaɗai ta ƙi. Mai magana da yawunta kan batun shi ne Mike Scott, wakilin mazaɓar Skeena, wadda kwarin Nass ke cikinta.

Reform ta ce yarjejeniyar ta kafa gwamnati bisa jini da asali, a ƙasar da ya kamata kowa ya zama ɗaya a gaban doka. Wanda ba ɗan Nisga'a ba, ko da yana zaune a kwarin, ba zai yi zaɓe ba, ba kuma zai tsaya takara ba. Ta ce mutanen Kanada sun ƙi mataki na uku na gwamnati a 1992, ga shi an shigo da shi ta taga. Ta ƙirga fannoni 14 da dokar Nisga'a ke rinjaye a cikinsu. Ta soki mallakar fili ta gamayya, tana cewa za ta tara iko a hannun shugabanni ta bar talakan Nisga'a babu takardar gida, kuma ba a fayyace rabon mata a gidan aure idan aure ya mutu ba. Ta kuma yi gargaɗin cewa akwai kusan tebura 50 na tattaunawa a lardin, kowanne zai ɗauki wannan a matsayin ma'auni, kuskuren da aka kulle a kundin tsarin mulki kuwa ba ya gyaruwa.

Masu goyon baya suka ce Dokar Indiyawa ita ce ainihin dokar wariyar jinsi, kuma yarjejeniyar ce ta kawo ƙarshenta a kwarin Nass. Nisga'a, in ji su, al'umma ce ta siyasa da ta riga Kanada kafuwa, haƙƙinta ya fito ne daga wannan tarihi. Gwamnatin Nisga'a ba ta da ikon saka wa wanda ba ɗanta ba haraji sai da yarjejeniya da tarayya ko lardi, dole ta tuntuɓi baƙin da ke zaune a filinta kan abin da ya shafe su, kuma suna iya kai ta kotu. Suka ƙara da hujjar aljihu. A watan Disamba na 1997 Kotun Ƙoli, a shari'ar Delgamuukw, ta tabbatar cewa haƙƙin mallakar 'yan asali haƙƙi ne a kan ƙasar kanta, ta kuma shawarci ɓangarori su sasanta. In ba a sasanta ba, kamfanonin katako da na ma'adinai za su ci gaba da zuba jari a filin da ba a san mai shi ba.

Idan aka tace, ƙorafin Reform kan zaɓen baƙi da kan hana majalisa gyara suna da nauyi, kuma ba a ba su amsa mai gamsarwa ba, sai dai a ce baƙin kaɗan ne kuma haka ake amincewa da kowace yarjejeniya. Raunin matsayinta shi ne madadin da ta kawo. Gwamnati irin ta hukumar birni da rabon kuɗi da fili ga ɗaiɗaikun mutane abu ne da ya yi kama da takardar 1969, wadda 'yan asalin ƙasa suka riga suka ƙi, kuma sashe na 35 ya sa ba a iya tilasta musu shi.

Gwamnati ta taƙaita lokacin muhawara, ta kuma kayar da buƙatar Reform ta a yi ƙuri'ar raba-gardama a lardin. Reform ta rama da makamin da ya rage mata. Bayan kwamiti ya dawo da ƙudirin, ta shigar da gyare-gyare 471 ta nemi a ƙirga ƙuri'a a kan kowanne. A majalisar wakilan Kanada ba a danna maɓalli a lokacin. Kowane ɗan majalisa sai ya miƙe tsaye, magatakarda ya kira sunansa. Aka fara da yammacin 7 ga Disamba, ba a gama ba sai safiyar 9 ga wata, jam'iyyu suna karɓa-karɓa tsakanin masu barci da masu zama. Da yawa daga cikin gyare-gyaren ba su wuce sauya ranar fara aikin wani sashe ba, domin dama ba a shigar da su don su ci ba, an shigar da su ne don ƙasa ta juyo ta kalla. Babu ko ɗaya da ya ci. Ranar 13 ga Disamba ƙudirin ya tsallake karatu na uku da ƙuri'a 217 a kan 48.

Dabarar ta bar tabo a dokokin majalisar. A watan Maris na 2000 Bloc Québécois ta yi irinta da gyare-gyare sama da 400 a kan dokar sharuɗɗan ɓallewar lardin Kebek daga Kanada. A 2001 majalisa ta ba kakakinta umarnin ya ƙi karɓar gyare-gyaren da maimaici ne ko aka shigar don ɓata lokaci.

Majalisar dattawa da kukan maƙwabta

A majalisar dattawa an yi zancen cikin natsuwa, kuma a nan ne aka fi jin muryoyi biyu da hayaniyar wakilai ta danne. Ɗaya ita ce ta masana doka, ciki har da tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Willard Estey, da suka yi shakkar ko majalisa tana da ikon miƙa wani ɓangare na ikonta ta hanyar da ba za ta iya dawo da shi ba. Ɗayar ita ce ta Gitanyow da Gitxsan, maƙwabtan Nisga'a, waɗanda suka ce an saka yankuna masu yawa na ƙasarsu cikin wuraren da aka ba Nisga'a haƙƙin farauta da kamun kifi, alhali tasu tattaunawar ba ta kammala ba. Yarjejeniyar tana da sassan da suka ce ba ta taɓa haƙƙin wata al'umma ba, kuma idan kotu ta ga ta taɓa, sashen da ya taɓa zai ja baya. Maƙwabtan sun ce hakan ya ɗora musu nauyin zuwa kotu da kuɗinsu. Dattawa suka amince da ƙuri'a 52 a kan 15 ranar 13 ga Afrilu, 2000, Gwamna-Janar Adrienne Clarkson, wakiliyar Sarauniya a Kanada, ta sa hannu a ranar.

Bayan amincewa

Campbell da abokan aikinsa biyu sun kai ƙara, kuma a watan Yuli na 2000 Mai Shari'a Paul Williamson na babbar kotun lardin ya kori ƙarar. Ya ce sashe na 91 da na 92 sun raba iko ne tsakanin tarayya da larduna, ba su shafe ikon mulkin kai da 'yan asali ke da shi tun da ba. Ikon ya ragu, amma bai mutu ba, kuma sashe na 35 ya kare shi. Da Campbell ya zama firimiya a 2001 sai ya janye ɗaukaka ƙarar, ya shirya ƙuri'ar raba-gardama ta hanyar wasiƙa a 2002 kan ƙa'idojin ƙulla yarjejeniyoyi. Ƙungiyoyin 'yan asali da wasu majami'u suka yi kira a ƙaurace, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na takardun suka dawo, waɗanda suka amsa kuwa sun goyi bayan mulki irin na hukumar birni da gagarumin rinjaye. Wata ƙarar da wasu 'yan Nisga'a masu adawa suka shigar ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta lardin, wadda a 2013 ta tabbatar da halaccin yarjejeniyar ta wata hanya, cewa ana iya ɗaukar ikon a matsayin wanda tarayya da lardi suka miƙa bisa doka. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙara, don haka ba ta yanke hukunci kan tushen ikon gwamnatin Nisga'a ba.

Siyasa ta juya da sauri fiye da kotu. Gwamnatin Campbell ce ta kai yarjejeniyar wata al'ummar 'yan asali, Tsawwassen, mai babin cin gashin kai a cikinta, gaban majalisar lardin a 2007. A Otawa kuma, wanda ya gabatar da ƙudirinta a gwamnatin Stephen Harper shi ne Chuck Strahl, ɗan majalisar Reform a lokacin ƙuri'un 1999. Tsoron cewa yarjejeniyoyi 50 za su biyo baya bai tabbata ba; kaɗan ne suka kammala a lardin cikin shekara ashirin da suka biyo baya, kuma al'ummomi da dama sun ƙi tsarin saboda suna ganin Nisga'a sun sallama da yawa. Kan mallakar gida, majalisar Nisga'a da kanta ta kafa doka a 2009 da ta ba ɗan ƙasa damar mallakar filin gidansa, ya jinginar ko ya sayar. A 2016 aka zaɓi Eva Clayton, mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye sharaɗin cewa sai al'umma ta rabu da rangwamen haraji kafin a ƙulla yarjejeniya da ita, sharaɗin da ministoci suka riƙa kafa hujja da shi a muhawarar 1999.